Daren Kwalliya a Jirgin Ruwan Shaƙatawa: Dole Sai da Kwat, ko Babbar Riga Ta Wadatar?

Tun da bidiyon 'yan Najeriya masu hutu a manyan jiragen ruwan yawon buɗe ido ya fara yawo a TikTok da Facebook, wata tambaya ta riƙa dawowa a majalisun hira na Sakkwato: shin gaskiya ne akwai daren da ba a barin namiji ya shiga ɗakin cin abinci sai ya sa baƙar kwat ya ɗaura naktai? Idan gaskiya ne, yaya mutumin da tun tasowarsa bai san wata suturar fita ba sai kaftani da babbar riga zai yi? Wasu na cewa daga bakin ƙofa za a mayar da shi. Wasu na cewa zancen banza ne, wanda ya biya kuɗinsa ba mai gaya masa abin da zai sa. Akwai kuma masu kallon abin gaba ɗaya a matsayin dabarar tilasta wa mutane shigar Turawa.

Kowane ɓangare ya kama wani gefe na gaskiya. Ƙa'idar tana nan a rubuce, kuma akwai jiragen da ke aiwatar da ita sosai. Sai dai abin da take aunawa shi ne darajar shigar da mutum ya yi, ko daga wace ƙasa tufar ta fito. Cikakkiyar shigar Bahaushe ta kai wannan daraja har ta wuce. Inda mutanenmu za su iya cin karo da matsala yana cikin ƙananan abubuwan da ba a cika kulawa da su ba, irin su takalmi da hula da guga.

Mene ne daren kwalliya?

Jirgin da ake magana a kansa ba na sufuri ba ne. Otal ne mai tafiya a kan teku, da ɗakunan kwana da gidajen abinci da shaguna da wuraren wasan yara, har da ƙaramin asibiti. Mutum kan biya kuɗin kwana 3 ko 7 ko 14, jirgin ya riƙa tsayawa a garuruwa daban-daban da safe, ya tashi da yamma. Wasunsu girmansu ya wuce tunani. Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara aiki a 2024, yana iya ɗaukar fasinja sama da 7,000, ban da ma'aikata.

Da rana ba ruwan kowa da abin da ka sa. Daga wajen ƙarfe 6 na yamma ne magana ke canzawa. A yawancin darare abin da babban ɗakin cin abinci ke nema mai sauƙi ne: dogon wando, riga mai kwala, takalmi mai kyau. Amma a tafiyar mako guda akan ware dare 2, a gajeriyar tafiya kuma dare 1, inda ake son kowa ya fito da mafi kyawun kayansa. A wannan dare kyaftin kan fito cikin kakinsa ya gaisa da fasinjoji, a inganta girki, masu ɗaukar hoto su kafa fitilunsu a gindin babbar matakala. Ba a cika sa shi a daren farko ko na ƙarshe ba, don a na farko akwatuna ba su gama isa ɗakuna ba, a na ƙarshe kuma an riga an ɗaure kaya. Takardar shirye-shiryen yini da ake ajiyewa a ɗaki, ko manhajar jirgin a waya, ita ke faɗin shigar kowane dare.

Shigar maza ta Turawa a wannan dare hawa-hawa ce. A sama akwai taksido, wadda idan an rubuta Black Tie a takarda ita ake nufi. Baƙar kwat ce da aka lulluɓe kwalarta da yadi mai sheƙi, wandonta baƙi da siririn layi mai sheƙi a gefe tun daga ƙugu har idon sawu, sai farar shat, da 'yar baƙar naktai mai siffar malam-buɗe-littafi, da baƙin takalmi mai ƙyalli. Wasu kan ƙara ɗamara mai faɗi a ƙugu. Ƙasa da ita akwai kwat da wando masu duhun launi, baƙi ko shuɗi mai duhu ko ruwan toka, tare da doguwar naktai. Wannan ma ana karɓarta ko a jiragen da suka fi tsanani, abin da mutane da yawa ba su sani ba ke nan. Ƙasa da wannan kuma shat mai dogon hannu da wando mai kyau, da kwat ko babu.

Daga ina al'adar ta fito?

Tushenta gidajen masu hannu da shuni ne na Ingila a ƙarni na 19. A can, mai gida da baƙinsa sukan cire kayan da suka yini da su, na hawan doki da yawo cikin hayaƙin gari, su sake wasu kafin su zauna cin abincin dare. Da farko doguwar kwat mai jela a baya ake sawa, da farar naktai. A 1865 shagon ɗinki na Henry Poole da ke layin Savile Row a Landan ya ɗinka wa Yariman Wales, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na Bakwai, wata gajeriyar kwat ta zaman dare marar jela. Salon ya tsallaka Amurka, ya yi suna a unguwar attajirai ta Tuxedo Park a jihar New York wajen 1886, ya zama taksidon da aka sani yau.

A daidai wannan zamani ne jiragen ruwa masu injin tururi suka fara jigilar mutane tsakanin Turai da Amurka. Samuel Cunard ya fara nasa a 1840 da jirgin Britannia, daga Liverpool zuwa Halifax da Boston. Da kamfanoni suka shiga gasar jawo attajirai, sai suka kwaso tsarin manyan gidaje suka zuba a ajin farko na jirgi, har da canza kaya kafin abinci. A wasu jiragen ƙaho ake busawa don sanar da fasinjoji lokacin shiga ɗaki a shirya ya yi. Talakawan da ke aji na uku, masu ƙaura zuwa Amurka neman abinci, ba wanda ya ɗora musu wannan. Wato tun asali abin alamar aji ne, kuma wannan shi ne ɓangaren tarihin da ke sa wasu ƙyamarsa har yau.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan tarihi. Kafin jirgin sama ya yawaita, duk mai zuwa Ingila daga Najeriya ta teku yake bi. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Ingila tare da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman, kuma da rawunansu da alkyabbunsu suka je suka dawo. Daga baya jirgin Aureol na kamfanin Elder Dempster ya yi ta kai da kawo tsakanin Ingila da Legas daga 1951 zuwa 1974, tafiyar kusan mako biyu, yana ɗauke da ɗalibai da ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa.

Jirgin sama mai injin jet ne ya karya wannan kasuwa. Daga 1958, da jiragen jet na fasinja suka fara tsallake tekun Atlantika cikin 'yan awoyi, mutane suka daina kashe kwanaki a ruwa don kawai su isa wani wuri. Kamfanoni suka juya akalarsu zuwa sayar da hutu, sababbi irin su Norwegian a 1966 da Royal Caribbean a 1968 da Carnival a 1972 suka taso. Sabon fasinja ma'aikaci ne mai iyali, ba basarake ba, ba zai yarda ya ɗaura naktai kullum ba. Sai aka rage abin daga kowane dare zuwa dare ɗaya ko biyu, aka mayar da shi wani ɓangare na nishaɗin da ake sayarwa.

Kowane kamfani da tasa ƙa'idar

A nan ruɗanin yake. Mai cewa an mayar da wani daga ƙofa da mai cewa ya ga mutane da wandon jins a daren kwalliya, dukansu suna iya zama masu gaskiya, jiragensu ne daban.

Cunard shi ne ya fi riƙo da tsohon tsari. A jirginsa Queen Mary 2, wanda tun 2004 yake kai da kawo tsakanin Southampton da New York, daren da suke kira Gala Evening na nufin taksido ko kwat mai duhu da naktai, kuma ƙa'idar ta shafi yawancin wuraren zama na jirgin daga ƙarfe 6, ba ɗakin cin abinci kaɗai ba. P&O, wanda yawancin fasinjojinsa 'yan Birtaniya ne, shi ma yana da darare masu wannan tsanani. Carnival na kiran nasa Cruise Elegant, inda shat da wando mai kyau sun isa, kwat kuwa ganin dama ce. Royal Caribbean na cewa kowa ya sa mafi kyawun abin da yake da shi. Celebrity ya sassauta nasa tun 2015. Norwegian kuwa tun shekarar 2000 ya fito da tsarin da babu daren da ya zama dole.

Abin lura shi ne Cunard da P&O da Carnival duk mallakar uwar kamfani ɗaya ne, Carnival Corporation. Mai gida ɗaya, ƙa'ida uku. Wannan ya isa ya nuna cewa ba wata dokar teku ba ce, kowane jirgi yana tallata kansa ne ga irin mutanen da yake nema.

Ga matafiyi daga Sakkwato, jiragen da suka fi kusa su ne masu tashi daga Dubai da Jidda da Durban da Cape Town, sai na tekun Bahar Rum daga Basalona ko Italiya ga mai bizar Turai. Kamfanin MSC na aiki a yawancin waɗannan wurare, yana da darensa na kwalliya, amma bai kai Cunard tsanani ba. Saudiyya ma ta shigo harkar da kamfaninta AROYA, wanda ya fara tashi daga Jidda a Disamban 2024, da abincin halal da wuraren salla. A irin wannan jirgi doguwar riga ba abin da zai sa a waiwayo mutum ba ne.

Ko a jirgi mafi tsanani, ba wanda zai kwana da yunwa. Wanda bai so ya yi shigar ba yana iya zuwa ɗakin abinci na ɗebi-da-kanka, ko ya sa a kawo masa ɗakinsa. Abin da zai rasa shi ne zaman babban ɗaki da sauran wuraren da ƙa'idar ta shafa a wannan dare.

Ina matsayin babbar riga?

A al'adar Turawan kansu, tufar ƙasa ta girma tana tsayawa a madadin taksido, har ma a madadin kwat mai jela. Mutumin Sikotland kan zo da zanensa na gargajiya mai tsayawa a gwiwa. Ba'indiye kan zo da doguwar rigarsa mai maɓallai har wuya. Balarabe kan yafa mishla, wato irin alkyabbarsu, a kan farar rigarsa. Kamfanin P&O ya rubuta ƙarara cikin ƙa'idarsa cewa ana karɓar tufar ƙasa ta girma da kakin soja a waɗannan darare.

Mu Sakkwatawa ba ma bukatar wani ya ba mu misali daga nesa. Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah, ya halarci tarukan tsarin mulki a Landan a shekarun 1950 da rawaninsa. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoban 1960 cikin babbar riga. Alhaji Shehu Shagari ya ci liyafar ƙasa a fadar White House a Oktoban 1980 lokacin Jimmy Carter, ya kuma kai ziyarar ƙasa wurin Sarauniya Elizabeth a Maris 1981, da babbar rigarsa da doguwar hular nan da har yau ake kira da sunansa. Liyafar fadar Ingila ita ce ƙololuwar ƙa'idar sutura a ƙasar da ta ƙirƙiro wannan al'ada. Tufar da ta zauna a wannan teburi ba ta da abin jin kunya a teburin jirgin ruwa.

Don haka ina ganin babban kuskure ne mutum ya ruga ya sayi kwat don dare biyu kawai. Wanda bai saba da ita ba, ana ganewa: kafaɗa ta zarce, hannu ya rufe yatsu, naktai ta shaƙe shi, yana zaune a takure. Mutumin nan kuwa da zai zuba farar shadda ko ruwan sararin samaniya mai aikin aska takwas a ƙirji, ya kafa ƙube, ya fesa turare, tafiyarsa ma daban za ta kasance, don cikin kayansa yake. Wanda aikinsa ya saba masa da kwat, lauya ko ma'aikacin banki, ya sa abarsa, ba laifi. Maganar ita ce ba dole ba ce.

Sharaɗin dai shi ne shigar ta cika: babbar riga, 'yar ciki, wando, hula, duka masu dacewa da juna. Kaftani mai kyau na shadda ko yadi mai nauyi, da aiki a wuya da hula, ya yi daidai da kwat da naktai, kuma zai wuce a yawancin jirage. A jirgi irin na Cunard ko P&O, babbar riga ta fi zama abin dogaro.

Inda ake tuntuɓe

Wani zai ce, "To mi ya hana in sa jallabiyata, ba ga ta nan fes ba?" Amsar tana cikin al'adarmu. Wanda aka gayyata naɗin sarauta a fadar Sarkin Musulmi ba zai tafi da jallabiyar da yake zuwa sallar Asuba da ita ba, komai tsabtarta, ba kuma sai dogari ya gaya masa ba. Jallabiya kayan shan iska ce da zaman gida. Haka ma ɗinkin zamani na samari mai gajeren hannu da wando ɗamamme, ya yi a sauran darare, amma bai kai na wannan ba.

Takalmi shi ne babban tarko. A wurinmu ba abin mamaki ba ne a ga attajiri cikin gezna mai tsada da buɗaɗɗen takalmin fata a ƙafa, don zafin garinmu da yawan alwala sun sa hakan ya zama daidai. A jirgi kuwa, ma'aikacin da ke tsaye a ƙofa an koya masa ya hana silifa, kuma a daren kwalliya buɗaɗɗen takalmi a ƙafar namiji yakan faɗa cikin abin da ba a so. Ba lallai ya iya bambance aikin hannun dukawan Shiyar Madunka da silifar wanka ba, yatsu kawai ya gani a waje. Mafita ita ce sau-ciki na fata, baƙi ko ruwan ƙasa, da safa. Abin daɗi, garin da fatar jar akuyarsa ta yi suna a kasuwannin duniya ba zai rasa mai ɗinka irin wannan takalmi ba.

Sai hula. Ƙa'idojin jirage da yawa sun hana hula a babban ɗakin cin abinci, amma abin da suke nufi shi ne hana-salla da hulunan rana. A tarbiyyar Turawa cire hula a cikin ɗaki shi ne ladabi, a tamu kuwa dattijo ya zauna cikin mutane kai ba hula shi ne rashin kamala. Zanna-bukar ko ƙube ko dara da aka sa da babbar riga wani ɓangare ne na tufar, kamar rawanin mabiya addinin Sikh. Idan an ci karo da ma'aikacin da bai gane ba, ba abin ɗaga murya ba ne. A nemi shugaban ɗakin cin abincin a yi masa bayani cikin natsuwa, su ne masu ikon yanke hukunci, kuma sun saba ganin mutane daga kowace kusurwa ta duniya. Ma'aikatan nan yawancinsu 'yan Filifin ne da Indiya da Indunusiya, masu aikin watanni ba tare da ganin iyalinsu ba, umarni suke bi, sun cancanci a yi musu magana mai daɗi.

Akwai kuma zaman teburin kansa. Abincin na zuwa ne kashi-kashi, miya a gaba, sai ɗan abin buɗe baki, sai babban abinci, sai kayan zaƙi, ga kofuna da cokula jere a gaban kowa, kujeru kuma kusa da juna. Hannun babbar riga idan ya sauko zai iya share kofi ko ya faɗa cikin miya. A naɗe shi sosai a kan kafaɗu kafin a zauna, a tattara bayan rigar kada ƙafar kujera ta take ta ko mai ɗauke da tire ya taka. A wajen matakala mai tafiya da ƙofar lifta ma a kula da gefenta. Ta wani gefen kuma babbar riga na da amfani a nan, don na'urar sanyaya ɗakunan jirgi tana da ƙarfi, wanda ya fito daga zafin Sakkwato na watan Afrilu mai haura digiri 40 zai ji ta a jikinsa.

Alharini, zinariya da lokacin Magariba

Musulmin da ya zaɓi sa taksido yana da abin dubawa da ba kowa ke tunawa ba. Hadisi ya tabbata cewa alharini da zinariya haramun ne ga mazan wannan al'umma, halal ga matansu, an kuma yi rangwame a kan alharinin da bai wuce faɗin yatsu huɗu ba a jikin tufa. Taksido ta asali kwalarta alharini ce, haka layin wandonta da naktai da ɗamarar, kuma kwalar kan iya zarce yatsu huɗu a inda ta fi faɗi. Yawancin masu araha da na haya a yau da zaren roba ake yin su, sheƙin ne kawai irin na alharini. Takardar da ke liƙe a cikin rigar tana faɗin abin da aka yi ta da shi, sai a karanta. Maɓallan hannu da na ƙirjin shat su ma akan yi su da zinariya, sai a nemi na azurfa ko na ƙarfe.

Ita kanta naktai malamai sun saɓa a kanta. Akwai masu ƙin ta don gudun kamanceceniya da waɗanda ba Musulmi ba, akwai masu ganin ta zama tufar aiki ta duniya da ba ta da alaƙa da wani addini. Mai shakka ya tambayi malaminsa, kuma babbar riga ta raba shi da wannan gardama tun daga tushe.

Abin da ya fi tufa muhimmanci shi ne abin da ke kan teburi. A daren kwalliya akan zagaya da giya mai kumfa lokacin gaisuwar kyaftin, a kofuna masu dogon wuya, launinta kamar lemo. Kada a miƙa hannu sai an tambaya. Ana samun lemo da ruwan 'ya'yan itace a madadinta. Naman halal kuwa a yawancin jiragen Turai da Amurka sai an nema tun makonni kafin tafiya, in ba haka ba sai a tsaya ga kifi da kayan lambu, a kuma tambaya ko an sa giya a cikin miya ko kayan zaƙi, don girkinsu na yawan haɗawa da ita.

Lokaci ma abin tsarawa ne. Jirage da yawa na raba cin abincin dare gida biyu, na farko wajen ƙarfe 6, na biyu wajen 8 ko 8:30, kuma zaman kan kai awa ɗaya da rabi zuwa biyu. A wurare da lokutan da rana ke faɗuwa wajen 6 zuwa 7, zaman farko zai haɗiye Magariba. Wanda ya zaɓi na biyu tun wajen yin rajista zai yi sallarsa a natse, ya duba alƙibla a lokacin don jirgi na juyawa, sannan ya shirya ya fito. A tsakiyar bazarar Turai kuwa, inda rana kan kai ƙarfe 9 ba ta faɗi ba, lissafin juyewa yake, zaman farko ne ya fi.

Masu so a soke da masu so a riƙe

Gardamar ba a Sakkwato kaɗai ake yin ta ba, su ma Turawan sun daɗe suna yi. Masu so a soke na cewa hutu suka zo, ba ofis ba, kayan na cinye wuri a akwati, kuma abin ragowar zamanin nuna bambancin aji ne. Suna ƙarawa da cewa kamfani na da riba a ciki, tunda a wannan dare ne ake sayar da hotuna da yawa, shagon gyaran gashi ya cika. Wannan gaskiya ne. Masu so a riƙe na cewa sun biya kuɗi ne don wannan yanayin, kuma mutum ɗaya da ya shigo da singileti ya ɓata wa ɗaki guda kwalliyarsa.

Ni ina tare da masu riƙewa, da sharaɗin ƙofar ta kasance a buɗe ga tufar kowa. Mu mutane ne da suka san darajar ado don girmama taro, muna yi ranar Juma'a, muna yi da Salla da ɗaurin aure. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a ce girmamawa ba ta da siffa sai ta Landan, kuma ƙa'idojin da ke rubuce ba su ce haka ba.

Akwati, guga da aljihu

Tafiyar za ta fara ne daga filin jirgin sama na Sultan Abubakar III zuwa Abuja ko Legas, ko ta mota zuwa Kano, sannan a tashi zuwa garin da jirgin ruwan yake. A ƙaramin aji na yawancin jiragen sama akwati ɗaya ba ya wuce kilo 23. Cikakkiyar shigar babbar riga kan ci yadi 10 ko kusa da haka, ga nauyin zaren aiki. Saiti ɗaya ya isa dare biyu idan an canza hula, ko a tafi da babbar riga ɗaya da kaftani ɗaya.

Guga ce matsalar da ba a zata. Kusan duk jiragen nan sun hana shiga da dutsen guga, don gobara ita ce abin da aka fi tsoro a teku, kuma idan na'urar bincike ta gano shi a akwati za a karɓe sai ranar sauka. Wasu jiragen, irin na Cunard da P&O, suna da ɗakin wanki da guga da fasinja zai yi da kansa. Wasu kuma sai dai a ba ma'aikata a biya, kuma a ranar kwalliya layi kan yi tsawo, gara a miƙa tun ranar farko. Mai gezna ya yi hattara a nan. Sheƙinta da taurinta ba sa son ruwa da tururi, ma'aikacin wankin jirgi kuma bai san ta ba, yana iya jefa ta cikin inji ta fito laƙwas. A rubuta masa cewa guga kawai ake so, ta bayan yadin, da wuta kaɗan. Mafi kyau ma a kai wa masu bugu a gida kafin tafiya. Idan suka shimfiɗa ta a kan gungumen nan suka bi ta da tabare har ta kwanta tana ƙyalli, suka ninke ta ninkinsu mai kusurwa huɗu, sai a sa ta a leda a ɗora a saman kaya yadda take. Layin ninkin da zai fito a jikinta ba aibi ba ne a wurinmu, alamar sabuwar wanka ce. Hula kuwa a cusa mata safa ko ƙaramin tawul a ciki kada ta lotse.

Abu na ƙarshe shi ne rubutu. Ƙa'idojin nan na canzawa, har a kamfani ɗaya jirgi da jirgi kan bambanta. Kafin a biya kuɗi, a buɗe shafin kamfanin a karanta abin da ya ce a kan sutura. Sannan a aika musu saƙon imel, ko ta hannun ejan da ya sayar da tikitin, tare da hoton babbar riga da hula da takalmin da za a sa, a tambaya ko sun karɓa a matsayin tufar ƙasa ta girma. A cikin saƙon ne kuma za a nemi abincin halal da lokacin zaman da ya dace da salla. Amsar da suka bayar a ajiye ta a waya, a kuma buga ta a takarda, don intanet ɗin cikin jirgi galibi sai an saya.